Tambaya da Amsa: Na karya keto a gidan biki, na kwana ina murƙususu

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ni matar aure ce, shekaruna 36, 'ya'yana huɗu, ina koyarwa a wata firamare a Zariya. Tun bayan Babbar Sallah na shiga tsarin keto, na ƙaurace wa sitaci da sukari, saboda ƙiba ta fara taɓa mini gwiwa. Na bar tuwo da shinkafa da taliya da burodi, har kunun safe na haƙura da shi. Abincina ƙwai, kifi, nama, awara, kwaɗon zogale, sai tuwon kabeji da miyar kuɓewa. Alhamdu lillahi na sauko daga kilo 94 zuwa 85.

To, satin da ya wuce aka yi bikin ƙanwar maigidana a Funtuwa. Ranar kamu na daure. Ranar yini kuwa dangin miji suka sa ni a tsakiya, wai ko ƙyamar abincinsu nake yi. Na ci waina biyar da miyar taushe da safe, da azahar na ci dafa-duka da salak, na kora da lemon kwalba mai sanyi, na taɓa alkaki da dubulan. Kafin la'asar barci ya danne ni. Wajen magariba hannuna ya kama rawa, gabana yana faɗuwa, gumi sharkaf. Da dare ciki ya kumbura tam, ga gyatsa ga gudawa. Washegari kai yana sara, zobe ya ƙi fita daga yatsa, da na dawo gida na hau sikeli sai na ga kilo 2 sun dawo. Surukata ta ce kambun baka ne, don kowa sai yaba ramar da na yi yake. Ƙawata da ta ɗora ni a kan tsarin ta ce jikina ne ya gane shinkafa guba ce, in yi kwana uku ruwa kawai nake sha, in haɗa da shayin wankin ciki. Ni kuma tsorona kar ciwon sukari ne, don mahaifiyata tana da shi. Anti me ya same ni? Kuma shi ke nan ni da tuwo har abada?

Daga wata 'yar'uwa, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara afuwa, Ya ba amarya da ango zaman lafiya. Irin wasiƙarki ta fi zuwa mini bayan Sallah da kuma watan Sha'aban, lokacin da ake rige-rigen ɗaura aure kafin azumi. Addu'ar tsari daga kambun bakan da surukarki ta ambata, yi abinki, ba ta taɓa zama asara. Amma abin da ya kwantar da ke yana cikin kwanukan da kika lissafa, kuma shinkafa ba ta rikiɗa ta zama guba ba.

Mu duba halin da jikinki yake ciki ranar da kika hau motar Funtuwa. Mai keto na sosai ba ya wuce giram 50 na sitaci da sukari a yini, wasu ma a 20 suke tsayawa. In aka yi kwana biyu zuwa huɗu a haka, ajiyar sukarin da ke hanta ta ja baya, sai hantar ta koma sarrafa kitse tana fitar da wani makamashi da ake kira keton, ƙwaƙwalwa da tsoka su riƙa aiki da shi. Shi ne warin bakin nan da masu keto ke ɓoyewa da kanumfari. Asalin tsarin ma ba don ƙiba aka yi shi ba. A 1921 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Russell Wilder, ya tsara shi saboda masu farfaɗiya, kuma har yau ana ɗora yaran da magani ya kasa riƙe musu ciwon a kansa, likita yana lura, ana auna kowace loma. Su waɗannan yaran babu wani zancen ranar hutu a wurinsu.

Idan jiki ya yi watanni a wannan hali, yakan sassauta shirinsa na tarbar sukari. Insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka, ba ya fitowa da hanzarin da ya saba, ita ma tsokar ta saba da kitse, ba ta rawar jikin karɓar sukari. Kamar uwargida ce da ta saba ɗora tukunyar mutum uku, sai ga mota biyu ta baƙi a ƙofar gida ba sanarwa. Girki dai ta iya shi, amma kafin a hura wuta a aiki yaro cefane, gida ya hargitse.

Yanzu ki ƙirga baƙin da kika sauke masa. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana ɗauke da sitaci wajen giram 28, farantin biki kuwa yakan ninka wannan awo sau uku. Lemon kwalba na 50cl akwai sukari wajen giram 50 a ciki, sama da ƙaramin cokali 12 ke nan. Ga waina biyar, wadda ita ma shinkafa ce aka niƙa. Ga alkaki da aka tsoma a ruwan sukari har ya ƙoshi. A ƙiyasina kin haura giram 250 tsakanin hantsi da azahar, abin da a tsarinki na mako guda ne ko kusa da haka.

Sai sukari ya yi sama a jininki fiye da yadda zai yi a jikin wadda kuka ci kwano ɗaya da ita amma ba ta keto. Nan ne barcin la'asar da nauyin kai suka samo asali. Daga baya insulin ya iso a makare kuma da yawa, ya kwashe sukarin da sauri. Rawar hannu da gumi da faɗuwar gaban da kika ji da magariba sun yi daidai da wannan saukar, wadda takan zo awa biyu zuwa huɗu bayan an ci abin zaƙi mai yawa.

Ciki kuma nasa labarin daban. Sinadaran da hanji ke narka sukari da sitaci da su suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon abin da mutum ya saba ci. Abin da ƙaramin hanji bai gama da shi ba sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin bakteriyar da ke can su far masa, iska ta taru, ciki ya kumbura. Sukarin da ya tsaya a hanji kuma ruwa yake janyowa, gudawa ke nan. Ki ƙara da man da waina da dubulan suka sha, wanda ke sa abinci ya daɗe a tumbi yana taso da gyatsa da ƙwannafi, sannan iskar lemo a kai.

Kilo biyun nan kuwa kada su hana ki barci, ba kitse ba ne. Kafin mutum ya tara kilo guda na kitse sai ya ci rarar kalori wajen 7,700, kuma abin da kika ci a gidan bikin bai kai ko kusa da ninkin wannan ba. Abin da ya faru shi ne hanta da tsoka sun sake cika rumbunsu. Hanta tana ajiye sukari wajen giram 100, tsoka wajen 400, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Yi lissafin da kanki, ke malama ce, za ki ga kilo 2 cif. Bayan haka, insulin in ya tashi yakan sa ƙoda ta riƙe gishiri, gishiri ya riƙe ruwa, ga abincin biki da ba a yi masa rowar magi. Abin da ya kama miki zobe ke nan. Sai dai lissafin nan kaifi biyu gare shi: cikin kilo 9 da kika sauke, na makon farko ma yawancinsu wannan ruwan ne.

Duk da haka ba na so mu ɗora wa keto laifin da wataƙila ba nasa ba ne. Ɗauki waya ki kira matan da kuka zauna tabarma ɗaya, ki tambaye su yadda suka kwana. Shinkafar da aka dafa tun asuba aka danne a kula har azahar tana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta gama kashe ƙwayayenta, ta sa amai cikin 'yan awoyi ko gudawa cikin dare. Salak ɗin da aka kwaɓa da Bama aka bar shi cikin zafin rana shi ma ba abin yarda ba ne. In biyu ko uku cikinsu sun yi zaryar banɗaki, to gurɓacewar abinci ce ta haɗu da naki. Ko wanne ne dai, maganin gudawa na farko ruwan gishiri da sukari ne: na leda daga kemis, ko ki haɗa lita guda ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri. Na taɓa ganin wadda ta ƙi sha wai zai fitar da ita daga keto, sai da aka kai ga ƙarin ruwa a asibiti. Kada ki yi wannan gangancin.

Akwai alamomin da ba a zama da su a gida. Gudawar da ta wuce kwana biyu, ko mai jini, ko mai tsinkewa fara kamar ruwan wankin shinkafa; amai da ya hana ruwa zama; zazzaɓi. Sai ɗaya da nake so ki sa wa ido musamman: ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yana harbawa baya ko kafaɗa, bayan an ci abu mai maiƙo. Saurin ramewa yana haifar da tsakuwa a matsarmama, kuma mace mai jiki da ta yi haihuwa da dama ta fi kowa shiga wannan sahu. In kin taɓa jin haka, ki nemi a yi miki hoton ciki.

Maganar ciwon sukari, tsoronki yana kan hanya, ko da yake abin da ya faru ranar bai isa hujja ba. Mahaifiya tana da shi, ga nauyin jiki, to ya kamata ki riƙa gwaji ko da ba ki je biki ba. Balle in kin taɓa haihuwar jariri da ya haura kilo 4. Gwajin sukarin jini na safe kafin a ci komai in ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, kuma aka maimaita ya sake kaiwa, ciwon sukari ne. Haka gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku, in ya kai 6.5. Amma ki gaya wa likita kina keto tun kafin ya rubuta takarda, don tsarin yana rikita sakamako ta fuska biyu. Yana iya kwantar da waɗannan lambobin su yi kyau alhali ciwon yana laɓe. Gwajin da ake ba mutum ruwan gulukos ya sha kuma yana iya nuna ciwon da babu shi, shi ya sa ƙa'idarsa sai an yi kwana uku ana cin aƙalla giram 150 na sitaci a kullum kafin a je.

Shawarar ƙawarki kuwa, ki gode mata ki ajiye. Wadda ta kwana tana gudawa ta riga ta zubar da ruwa da gishiri da fotashiyam, sai kuma a ce ta yi kwana uku ba ci? Shayin wankin cikin nan da yawansu filasko ne a ciki, gudawar zai ƙara miki, ba ya taɓa kitse ko kaɗan. Kuma babu wani datti da waina ta bari a jikinki da ke bukatar wanki. Abin da na fi ƙi a irin wannan shawara shi ne ɗabi'ar da take koyarwa: a ci a yi nadama, a hora kai da yunwa, yunwa ta kai mutum bango ya sake afka wa abinci. Mata da yawa da ke zuwa wurina a wannan zagayen suka maƙale, ba a shinkafa ba. Ki koma cin abincinki yadda kika saba, ki sha ruwa, ki sha romo, kumburin zai saɓe cikin 'yan kwanaki.

Ga inda nake da ra'ayi, kuma na san masu sayar da jadawalin keto ba za su so shi ba. Wannan tsari ba ya jituwa da "yau dai ɗaya". Mai rage yawan abinci kawai, in ya zarce ranar biki, gobe ya gyara, ba abin da ya lalace. Mai keto kuwa duk ranar da ya karya ya fita daga yanayin gaba ɗaya, sai ya sake kwana biyu zuwa huɗu, wani ma fiye, kafin ya koma, kuma sau da yawa da ciwon kai da kasalar makon farko. To ke da kike cikin dangi, wannan Asabar suna, waccan biki, ta gaba walimar sauka, yaushe jikin zai zauna wuri ɗaya? A 2019 masu bincike a Jami'ar British Columbia ta Kanada sun ɗora samari tara masu lafiya a kan irin wannan abinci na mako guda, sannan suka ba su giram 75 na gulukos a ruwa, sai suka ga alamun jigatar bangon jijiyoyin jini a jininsu. Mutum tara ba su isa a yanke hukunci da su ba, kuma ba a bi su an ga abin da ya biyo baya da daɗewa ba. Amma giram 75 kwalba ɗaya da rabi ce ta lemo, abin da ake shanyewa a zama guda ana hira.

Ke da tuwo har abada? A'a. A 2018 Jami'ar Stanford ta fitar da sakamakon wani gwaji na mutum 609 da aka bi shekara guda, rabi sun rage sitaci, rabi sun rage mai. Masu rage sitaci sun sauke kilo 6 a matsakaici, masu rage mai kilo 5 da 'yan kai, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Abin lura, su masu rage sitacin da giram 20 suka fara, sannan aka ce su riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har su kai inda za su iya zama a kai. Abin da nake so ki yi ke nan. Keto ya yi miki aikinsa, gwiwa ta samu sauƙi. Yanzu ki nemi abin da za ki iya riƙewa shekara goma a gidan da ake tuƙa tuwo kullum dare.

Saukowar a hankali ake yin ta, cikin mako biyu zuwa uku. Fara da wake, dafaffe ko alala, da ɗan gwanda ko goba. Bayan 'yan kwanaki ki ƙara dankalin Hausa ƙarami, sannan rabin malmalar tuwon dawa ko gero ko acca, ki fi ba shi rana a kan dare, miyar kuka ko ta zogale ta fi tuwon yawa a kwano. Sikeli zai ɗaga da kilo ɗaya ko biyu a farkon, kin riga kin san ruwa ne. Abin da ba na so ya dawo shi ne lemon kwalba da shayi mai cokali uku. In kuma kin zaɓi ci gaba da keto ɗinki, ba zan hana ki ba muddin ba ki da juna biyu kuma ba kya shayarwa; in ɗayan biyun nan ya samu, ki dakata, ba lokacinsa ba ne.

Biki na gaba kada ki je da yunwa. Ci ƙwai biyu a gida. In an kawo abinci fara da nama da ganye, sitaci ya zo a ƙarshe, don hakan yana rage tashin sukari. Zaɓi ɗaya, ko waina biyu ko ludayin shinkafa, ba duka ba. Ruwa ko zoɓo marar sukari. Da kin gama ki tashi ki taya kwashe kwanuka, tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan ci tana taimaka wa tsoka ta janye sukarin, ga kuma suna a wurin dangin miji. Alkaki da dubulan kuwa ba a ƙin karɓa, kin sani na sani. Sa hannu biyu ki karɓa, ki gutsura a gabansu ki yaba, sauran ki ƙulle a leda ki ce na yara ne.

Tambaya: Malama, ina da shekara 58, ina da ciwon sukari da hawan jini, ina shan ƙwayoyi. Ɗana ya hana ni tuwo da fura, ya ce keto zai warkar da ni. Ranar Juma'a kaɗai nake ci in mun taru a babban gida, sai in yini a kwance. Sauran ranaku kuma jiri nake ji in na tashi daga zaune.

Daga wani bawan Allah, Maraɗi.

Amsa: Alhaji, Allah Ya ba da lafiya, Ya yi wa yaron albarka, niyyarsa mai kyau ce. Amma naka ya fi na 'yar'uwar da ke sama haɗari, kuma jirin sauran ranakun ya fi damuna a kan kwanciyar Juma'a. An auna maka magani ne lokacin da kake cin tuwo. In akwai glibenclamide ko gliclazide a ciki, ko allurar insulin, to janye abinci ba tare da rage su ba yana iya kayar da sukari har mutum ya suma. In akwai empagliflozin ko dapagliflozin, haɗa su da keto yana iya sa jini ya yi tsami, ciwon da ke kai mutum gadon asibiti ko da na'ura tana nuna sukari daidai. Maganin hawan jini ma yakan yi yawa idan jiki ya zubar da ruwa da gishiri, wanda shi kaɗai ya isa ya kawo jiri. Ranar Juma'a kuma sai sukarin ya yi tsalle ta ɗaya gefen.

Rage sitaci yana taimaka wa masu ciwon sukari, wannan gaskiya ne, amma da hannun likita a ciki. Cikin makon nan ka zuba duk kwalayen magungunanka a leda ka kai wa likitan da ke duba ka, ka tafi da yaron ya ji da kunnensa. Kafin nan kada ka tsayar da magani da kanka, ka dawo da ɗan tuwo daidai gwargwado a kowace rana maimakon tara shi Juma'a. Ka riƙa auna sukari duk lokacin da jirin ya zo. In ya yi ƙasa da 0,70 a ma'aunin da ake rubuta muku a Nijar, wato 70 a namu na Najeriya, ka sha babban cokali guda na sukari a ruwa ko ka ci dabino uku nan take, ka sake aunawa bayan minti 15, in bai tashi ba ka maimaita, a kuma kai ka asibiti.